Kudun da Ba Nasu Ba

"Ɗari biyu da bakwai, abin yana gabanka. Kana ganinsa?"

Manjo Timofei Ryabinin, mai wannan lambar kira a rediyo, ya ɗaga kai ya duba. Jirginsa ya huda gajimare ya fito sarari, rana ta dalle masa ido, ƙanƙarar teku ta shimfiɗu a ƙarƙashinsa fari fat har iyakar gani. Can gaba, sama da shi kaɗan, wani baƙin ɗigo na tahowa yana jan hayaƙi kamar jela.

"Ina ganinsa," ya ce.

"Shi kaɗai ne?"

Kyaftin Rinat Galimov, mutumin garin Kazan, wanda ke kujerar baya da taswira da rada, na'urar hango jirage, a gabansa, shi ya karɓe. "Shi kaɗai. Ba ɗan rakiya ko ɗaya. Amma fa ƙato ne, irin masu injina takwas ɗin nan."

Duk wanda ke aiki a arewa ya san abin da masu injina takwas ke ɗauke da shi a ciki. Bama-baman nukiliya ne, kowane guda ya isa ya mai da birni toka. Shekara da shekaru Amurkawa ke shawagi da su a saman ƙanƙara, su zo daf da iyaka su juya, su Timofei su tashi su tare su, a raka juna ɗan lokaci, kowa ya kama gabansa. Wannan bai juya ba. Ya wuce inda aka saba juyawa, ya miƙe sak ya nufi gaɓar Tarayyar Sobiyet. Kuma bai tashi yin haka ba sai a wannan bazarar, da Mosko da Washington suka janye jakadunsu, jiragen ruwansu na hararar juna a teku, matuƙan sansanin Ust-Talaya na kwana da takalma a ƙafa.

Muryar da ke rediyo ta Kanar Sukhodolov ce, daga ɗakin ba da umarni can ƙarƙashin ƙasa. Shi ya koya wa Timofei tuƙi tun gashin bakinsa bai tsiro ba, kuma Timofei bai taɓa jin muryar nan ta yi rawa ba. Yau ma ba ta yi ba, sai dai ta bushe ƙayau.

"Zaga bayansa. Ɗora masa makami. Ka jira umarni."

Timofei ya kwantar da jirgin a kan fiffike, nauyi ya danne shi a kujera, sama da ƙasa suka juya. Kafin ya daidaita, sun koma bayan Ba'amurken, su biyu suna fuskantar kudu. Wata siririyar ƙara ta tashi a kunnensa. Makami mai linzami ya kama abin harinsa. Abin da ya rage shi ne babban yatsa ya ɗaga jan murfi ya danna.

A gaba, bayan gaɓar, Ust-Talaya ce. Titin jirgi, rumbunan mai, gidajen bene masu fentin rawaya, da makarantar da matarsa Lidiya ke koyarwa. In wannan jirgin hari ya zo kaiwa, garin ne farkon abin da zai taka. In kuwa ba hari ba ne, Timofei ya kakkaɓo shi, to kafin tarkacensa ya gama nitsewa, ramukan makamai sun buɗe baki a can da nan, kuma ba wanda zai tsira ya tambayi wa ya fara.

"Kwamanda," in ji Rinat ta wayar da ke tsakaninsu su biyu, "wannan ɓarawon bai iya sata ba."

"Me ka gani, ɗan Kazan?"

"Mai zuwa hari ƙasa-ƙasa yake bi, ya cika min rada da ƙura har in kasa ganin hancina. Wannan kuwa ya taho ta sama, tsakar rana, kamar wanda aka gayyato biki. Ko na'ura ɗaya bai kunna ba. Na kira shi ta layin gaggawa, shiru. Sannan wannan hayaƙin ba na inji ba ne."

Timofei ya danna rediyo. "Ina neman izinin matsawa kusa in duba."

"An ce ka tsaya bayansa," in ji Kanar.

"Daga baya hayaƙi kawai nake sha, Kwamared Kanar. In zan kashe mutum, gara in ga wanda zan kashe."

Kanar ya ce, "Yi sauri."

Ya tura mai. Suka haura ta gefen hagu, suka wuce doguwar jela, suka bi fiffiken da ya fi titin unguwarsu tsawo. Iskar da ƙaton ke yankawa ta dinga wujijjiga su, Timofei ya riƙe sitiyarin da hannu biyu. Nan ya ga ɓarnar da kyau. Hayaƙin daga cikin jirgin yake fita, ta bayan mazaunin matuƙa. Fentin wajen ya ƙone ya yi bororo. Babu fitila ɗaya da ke ƙiftawa. Tagogin sun yi baƙi da toka, an goge wani waje da hannu don a samu gani.

"Kai!" Rinat ya buga gilashi. "Kwamanda, dubi hancinsa! Agwagwa!"

A gefen hancin jirgin an zana agwagwa da doguwar hula. Timofei ya gane ta nan take.

"Mai Lofe ne."

Ba su san sunansa ba, ba su taɓa jin muryarsa ba, amma sun san shi fiye da wasu maƙwabtansu. Matuƙan arewa, na nan da na can, suna da wata al'ada da ba ta cikin littafin kowa. In aka haɗu a sama, bayan an gama ɗaukar juna hoto saboda manya, sai a matso, a cire takunkumin iska na ɗan lokaci, a gaisa fuska da fuska. Wannan Ba'amurken kullum sai ya ɗaga lofensa da ba wuta a ciki, shi kuma Timofei ya washe masa haƙoransa na ƙarfe, waɗanda likitan soja ya dasa masa bayan wata mummunar sauka. In lokacin rabuwa ya yi, kowa ya kai hannu baki kamar mai shan miya da cokali, ya nuna wajen gidansu: ni na tafi cin abinci. Timofei ya nuna kudu, Mai Lofe ya nuna arewa, ta bayan ƙanƙara. Sai dai tun farkon bazarar nan aka hana. Umarni ya zo daga sama, aka shafe lambobin jiragen da fenti, aka ce baƙin gilashin kwalkwali a sauke, takunkumi a fuska, kada abokin gaba ya ga ko girar mutum. Wanda ya saɓa, kotun soja.

"Dubi samansa," in ji Rinat. Muryarsa ta canza, wasan ya fita daga cikinta. "Wancan ƙoƙon gilashin. Ka ga mutum a ciki?"

Akwai mutum. Ya kafa ido a wani ƙarfe yana leƙen rana.

"Rana yake aunawa da hannu, irin na kakanninmu matuƙan jirgin ruwa. Kwamanda, wuta ta cinye musu komai. Ba rediyo, ba na'urar hanya, kamfas kuwa ka san shi a nan, rawa kawai yake kamar ɗan maye. Sun ɓata a can ƙololuwar duniya, inda duk wajen da ka juya kudu ne. Sun ɗauki kudu sun miƙe. Wallahi gida suke tsammanin za su."

"Ka daina wallahi a jirgin gwamnatin da ba ta yarda da addini ba."

"Kakata ce ta yi magana, ba ni ba."

Timofei ya zayyana wa Kanar komai a gurguje. Ta bayan muryar Kanar yana jiyo wayoyi na kuka, mutane na magana a tare.

"Akwai janar a waya daga Mosko," in ji Kanar, "kuma ba labarin agwagwa ya kira ya ji ba. In ɓata ya yi, juya shi. Yi masa alama."

Timofei ya sha gaban ƙaton, ya kaɗa fukafukai hagu da dama, alamar da kowane matuƙi a duniya ya sani: biyo ni. Ya karkata a hankali ya nufi arewa. Rinat ya waiga.

"Ko gezau."

Suka dawo, suka sake. Karo na biyu Timofei ya gitta ta gaban hancinsa har sai da ƙaton ya girgiza. Mataimakin matuƙin ya ɗaga dunƙulen hannu ta taga. Bindigar da ke jelar jirgin, wadda tun ɗazu ke kallon ƙasa, ta ɗago a hankali, da alama da hannu ake murɗa ta.

Timofei bai ga laifinsu ba. Ya sa kansa a kujerar Mai Lofe. Kana ɗauke da abin da zai tashi duniya, jirginka na ci da wuta, ka yarda gidanku na gaba, sai ga jirgi mai jan tauraron Sobiyet, ba lamba, ba fuska, yana ce maka juyo ka bi ni. Ina zai kai ka in ba hannun abokan gaba ba? Shi ma da ba zai bi ba. Duk alamar da ya ƙara yi, ƙara tabbatar musu yake cewa hanyarsu daidai ce.

"Gaɓa ta fito a rada," in ji Rinat a hankali.

Rediyo ya yi ƙara. "Ɗari biyu da bakwai. Koma bayansa. Harba."

Timofei ya dubi jan murfin. Ya tuna Lidiya da safe tana faɗa a kan ya bar safa a kan tukunyar ɗumama ɗaki. Ya dubi agwagwar.

"Ban ji da kyau ba."

"Ka ji sarai."

"Kwamared Kanar, mutanen nan ba yaƙi suka zo ba. Na gani da idona. In na danna wannan, ni ne na fara."

"In kuma idonka ya yi maka ƙarya fa?"

"Kai ka koya wa idon gani."

Da Kanar ya sake magana, sai ya yi abin da ba a taɓa yi a rediyon soja ba, ya kira shi da sunan da ake kiransa a gida.

"Tima. Na ba ka zuwa gaɓa. Daga nan ba ni da iko. Masu makaman ƙasa sun riga sun karɓi nasu umarnin, kuma makaminsu bai san jan tauraro daga fari ba. In kana gefensa, tare za ku sauko."

"Na gode, Yefim Prokhorovich," in ji Timofei, shi ma ya kira Kanar da sunansa.

"Kada ka gode min. Juya shi."

Timofei ya koma wayar cikin gida. "Rinat, akwai laimar sauka a bayanka. Ba zan ce komai ba in ka ja."

"In sauka a wannan sanyin? Ni da aka haifa a watan kankana? Kai dai ba ka ƙaunata, Kwamanda. Me za mu yi?"

"Zan gaishe shi."

"Da fuska?" Rinat ya yi fito. "Ɗan leƙen asirin nan na ofishin ƙarshe, mai sauraron faifanmu, zai tura mu inda ko wasiƙa ba ta zuwa."

"In ya samu ofishin a tsaye, ya tura."

Jirginsu an ƙera shi ne don gudu, ba don rarrafe ba. Tsayawa gefen ƙaton da ke jan ciki daidai yake da hana ingarma gudu a kan igiya. Timofei ya rage mai har jirgin ya fara karkarwa yana neman faɗuwa, ya saki birkin iska, ya matsa. Ya ƙara matsawa. Fiffikensa ya shige ƙarƙashin inuwar na Ba'amurken. Yana iya ƙirga ƙusoshin jikin agwagwa. A duk arewa matuƙan da za su iya riƙe jirgi a wannan wajen ba su cika hannu ɗaya ba, kuma Timofei ya san yana cikinsu. Bai taɓa jin daɗin sanin haka kamar yau ba.

"Kwamanda, in ka ƙara taku ɗaya sai dai mu biya kuɗin kujera a cikinsu."

"Riƙe bakinka, ka riƙe min gaɓa."

Ya ɗaga baƙin gilashin kwalkwalinsa. Ya ɓalle takunkumin, ya bar shi yana reto. Iskar cikin jirgin siririya ce, mai sanyi, ba ta cika huhu. Ya juya fuskarsa ga tagar da aka goge, ya washe baki iya washewa. Rana ta bugi haƙoran ƙarfe.

Mutumin da ke kujerar hagu ya juyo. Ya tsaya kallo. Sai ya kai hannu ya cire nasa takunkumin. Fuskar ta yi baƙi da hayaƙi, idanun jajur, amma shi ne. Bakinsa ya motsa, yana gaya wa na gefensa wani abu. Dunƙulen hannun mataimakin ya sauka.

Timofei ya saki sitiyari da hannu ɗaya. Ya kai hannun baki kamar mai shan miya, ya bugi ƙirjinsa, ya nuna gaba, inda hancin jiragen biyu ke kallo.

Mai Lofe ya girgiza kai. Shi ma ya kai hannu baki, ya bugi nasa ƙirjin, ya nuna gaban.

"Ka ji rigima," in ji Rinat. "Miya ɗaya, masu ita biyu."

Gefen idanun Timofei ya fara yin duhu. Yatsunsa sun yi nauyi. Wata sabuwar ƙara ta tashi a jirgin, mai kauri, tana yankewa tana dawowa.

"Radar ƙasa ta kama mu," in ji Rinat. "Namu ne. Kwamanda, mai da takunkumin, leɓenka ya yi shuɗi, ina gani a madubi."

Bai mayar ba. Ya kafe Ba'amurken da ido. Ya sake yi, a hankali, kamar mai koya wa kurma. Hannu a baki, ƙirjina, gaba. Sannan ya nuna Mai Lofe da yatsa, hannu a baki, ya jefa babban yatsa ta kafaɗa, baya, can baya. Daga ƙarshe ya nuna ƙasan da ke gabansu, ya ja yatsa a maƙogwaronsa.

Mai Lofe bai motsa ba. Yana kallon fuskar da bai taɓa gani a ko'ina ba sai a bakin ƙofar Rasha, fuskar da ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan inda miyarta take ba. Ya dubi gaba, inda gajimare ya rufe komai. Ya sake duban Timofei. Sai ya dafe kansa da hannu.

Dogon fiffiken ya fara ɗagawa.

"Yana juyawa!" Rinat ya ƙwala ihu har kunnen Timofei ya yi ƙara. "Ɗan halak! Yana juyawa!"

Timofei ya zame gefe ya ba shi fili, ya lalubo takunkumin ya manna a fuska, ya zuƙi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Amma ƙato ba ya juyawa a kan kwabo, balle mai rauni. Ya dinga zana baka mai faɗi a sama, a hankali, a hankali, bakan na tura shi kudu kafin ya dawo da shi. Ta wata ɓarakar gajimare Timofei ya hango ƙasa, baƙa da kore, tsinin ƙasar da ya kutsa cikin teku gabas da gari. Suna kansa. Sun tsallake gaɓa.

Kanar ya manta bai saki maɓallin rediyo ba. Suna jin sa yana daka wa wani tsawa. "Kada wanda ya taɓa komai! Na ce yana fita! A'a, Kwamared Janar, a allona bai tsallake ba. E, tsohon allo ne, na sha rubuto muku a canza shi."

Rinat ya fashe da dariya, dariyar da ta ƙare da shessheƙa. Ƙarar radar ƙasa ta ci gaba da bugawa, ta ci gaba, sai ta ɗauke ɗif. Farin teku ya dawo ƙarƙashinsu.

"Ɗari biyu da bakwai," in ji Kanar, muryar ta koma ta aiki, "dawo gida. Manka ya yi ƙasa."

"Makaho ne, Kwamared Kanar. In na sake shi a nan, zai sake zagayowa, ko ya faɗa wa wasu. Bari in ɗora shi a hanya."

"Kai dai ba ka taɓa jin magana ba tun kana ɗalibi. Ɗora shi."

Rinat ya ja layi a taswira, ya ba da hanya, Timofei ya shiga gaba ya zama kamfas. Wannan karon ƙaton ya biyo su kamar rago a bayan mai dusa. Suka yi ta tafiya arewa, allurar mai na sauka, Rinat na karanta ta da muryar mai karanta sunayen matattu. Sai da ya ce, "Daga nan kuma sai iyo," sannan Timofei ya ja baya ya daidaita da tagar. Ya miƙa hannu sak gaba, ya riƙe shi a haka: nan za ka bi, kada ka karkata.

Mai Lofe ya gyaɗa kai. Ya sunkuya yana lalube a aljihu, ya ɗago da lofen, ya ɗaga shi sama. Sannan ya ajiye, ya gyara zama, ya sara wa Timofei irin sarawar da soja ke yi wa na gaba da shi. Timofei ya rama. Ya kwantar da jirgin, ya nufi nasa kudun.

Da ƙyar suka kawo. Inji ɗaya ya mutu suna hango titi, ɗayan ya yi tari ya ɗauke bayan tayoyi sun taɓa ƙasa, sai da mota ta jawo su. Kafin su sauko daga tsani, makanikai da matuƙa sun cika wajen. Labari ya riga su sauka: masu rada sun ga wasu ɗigo sun taso daga can ɓangaren sun tarbi ƙaton, sun rufa masa baya zuwa gida. Ba a bari ƙafar Timofei ta taɓa ƙasa ba. Aka cafe shi, aka wurga sama, aka cafe, aka sake wurgawa, yadda ake yi wa wanda ya fitar da runduna kunya. Rinat na sama yana ihu a yi a hankali, shi ɗan lallaɓa ne.

Taron ya dare. Kanar Sukhodolov ne ke tahowa, gajere, mai furfura, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Kowa ya ƙame.

"Manjo Ryabinin. Ka ƙi jin umarni. Ka buɗe wa abokin gaba fuska. Ka kusa zubar min da jirgi a teku." Ya ɗaga murya yadda na ofishin ƙarshe, da ke tsaye can gefe da hannu a aljihu, zai ji. "Duk da izinina ka yi. Wanda ke da tambaya, ofishina a buɗe yake."

Sai ya kamo kan Timofei da hannu biyu, ya jawo shi ƙasa, ya sumbace shi a kumatu, dama, hagu, dama.

"Shekarun da na ɓata a kanka ba su tafi a banza ba," ya ce a kunnensa. "Je ka yi wanka, kana warin tsoro."

"Naka nake ji, Yefim Prokhorovich."

A cikin gari ba wanda ya san komai. Lidiya ta aiko a gaya masa in ya tashi ya biyo da burodi. Timofei ya saurari saƙon, ya sa aka maimaita masa, ya yi ta murmushi shi kaɗai har Rinat ya tambaye shi ko iskar ba ta gama dawo masa ba.

Da yamma suna zaune a bencin ƙofar ɗakin wankan tururi, tawul a ƙugu, jikinsu jajur yana hayaƙi, ana shan shayi da busasshen kifi ana kashe sauro. Rana ta sauko gefen sama ta tsaya, ba ta da niyyar faɗuwa, kamar yadda take a bazarar arewa. Rinat na ba matuƙa labari, kuma a bakinsa tazarar fukafukan ta riga ta koma faɗin tafin hannu.

"Ɗazu ka ce kamu ɗaya," wani ya ce.

"Ɗazu ban gama tunawa ba."

Ana cikin dariya sai karnukan sansani suka ɗauki haushi. Ta kan hanyar da ta fito daga ƙofa wasu bareyi masu manyan ƙahoni suka ɓullo, suna jan keken katako marar taya a kan ciyawa, mai gadi na bin su da gudu yana ihu a tsaya. Mai korar su wani tsoho ne cikin rigar fata, daga makiyayan da ke yawo a tsinin ƙasar nan na gabas. Bai ko waiwayi mai gadin ba. Ya tsayar da dabbobinsa a gaban bencin, ya sauko, ya bi tsiraran mutanen da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne babba a nan? Duk ba ku da riga, na kasa ganewa."

Timofei ya miƙe yana riƙe da tawul. "Faɗi, baba. Lafiya?"

Tsohon ya koma wajen keken, ya yaye wani ƙyallen laimar sauka mai ruwan lemo da fararen igiyoyi. A ƙarƙashi mutum ne kwance, cikin kayan matuƙa da ba irin nasu ba, ƙafarsa ɗaure da itace, idonsa biyu. A kafaɗarsa akwai tuta mai taurari.

"Wannan ya faɗo min cikin garke daga gajimare," in ji tsohon. "Ba ya jin maganar mutane. Na ba shi shayi ya sha." Ya ɗauki kifi ɗaya daga bencin ba tare da an yi masa tayi ba, ya gutsura. "Shi mai sauƙi ne. Ɗayan abin da ya faɗo kusa da tafki shi ne na zo a kansa. Dogo ne kamar kwalekwale, na ƙarfe, rabinsa ya nitse a laka. Na ɗaura masa bareyi sun kasa motsa shi. Da na nuna wa wannan, sai ya fara kuka yana ja na mu gudu."

Kofin shayin Rinat ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Ya dubi Timofei, su biyu sun san abin da masu injina takwas ke ɗauke da shi.

"Jikokina na can suna gadinsa," in ji tsohon. "Naku ne, ko a sa gatari a ga abin da ke ciki?"